Inda Suna Ya Girmi Gini

Frankfurt biyu ce a ƙasar Jamus, kuma gara mai yankar tikitin jirgin ƙasa ya san haka tun kafin ya miƙa kuɗinsa. Ɗaya tana bakin kogin Main, ita ce mai babban filin jirgin sama da dogayen benaye da Babban Bankin Turai. Ɗayar tana can ƙuryar gabas a bakin kogin Oder, gada ce kawai tsakaninta da ƙasar Poland. Shi ya sa ba a barin sunan ta farkon shi kaɗai, sai an ɗaura masa "am Main", wato ta bakin Main. A ita na sauka, lokacin da ganyen itatuwa ya fara ja amma sanyi bai kankama ba, da niyyar in bi layin dogo ta Bonn da Kolon da Hamburg in ƙare a Berlin. Jamusancina bai wuce na gaisuwa da tambayar farashi ba. Allunan kan titi su ne 'yan jagorana, kuma ban daɗe ba na lura cewa kalmomin da ke jikinsu ba su da yawa, daga gari zuwa gari su ne dai ke dawowa.

Furt a Jamusanci mashigi ne, wurin da ruwan kogi ba shi da zurfi har mutum da dabba za su iya ƙetarewa da ƙafa. Frankfurt ke nan mashigin Frankawa, jama'ar Sarki Karl Babba, wanda Faransawa ke kira Charlemagne. A wata takarda ta zamaninsa, ta shekarar 794, sunan garin ya fara bayyana a rubuce. Na tsaya a kan Eiserner Steg, gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa, ina duban ruwan. An yashe kogin, an daddatse shi, manyan jiragen dakon kaya ne ke ratsa shi, babu inda mutum zai naɗe wando ya shiga ya fita lafiya. Mashigin ya tafi da daɗewa, amma sunansa yana nan daram a jikin kowane tikiti.

Kalmar da baƙo zai fara haddacewa, ko ya so ko ya ƙi, ita ce Hauptbahnhof, wadda ake gajartawa Hbf. Jamusawa suna jera kalmomi su ɗinke su wuri guda ba sarari, abin da ke firgita mai karatu a kallon farko. In ka farke ɗinkin kuwa ba wani abin tsoro: Haupt kai ne ko babba, Bahn hanya, Hof fili. Babbar tashar jirgin ƙasa ke nan. Ta Frankfurt an buɗe ta a 1888, kuma kamar mafi yawan tashoshin ƙasar, ba a tsakiyar tsohon gari take ba. Layin dogo ya fara aiki a Jamus a 1835, tsakanin Nürnberg da Fürth, a lokacin da garuruwan suka riga suka cika maƙil, don haka aka kai tashoshi bayan gari, daga baya gari ya faɗaɗa ya haɗiye su. Saboda wannan dalili, da wuya ka fito daga tasha ka ga abin da ka zo gani. Abin da za ka fara tararwa shi ne Bahnhofsviertel, unguwar tasha. Ta Frankfurt cakuɗe take: a titin Münchener Straße akwai shagunan Turkawa da 'yan Afganistan da Pakistan, da nama halal da masallatai a bayan gidaje, lungu biyu gaba kuma matasa ne da ƙwaya ta gama da su, zube a bakin hanya da rana tsaka.

Daga nan sai ka bi allon da ya ce Zentrum ko Innenstadt ko Altstadt. Duk inda ya kai ka, abu uku za ka iske kusa da juna: Markt, dandalin kasuwa; Kirche ko Dom, coci ƙarama ko babba; da Rathaus, gidan shawara, inda majalisar gari da magajin gari ke zama. Na riƙa gwada wannan a ƙananan garuruwan da na yada zango, bai taɓa ba ni kunya ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, a garuruwa da yawa ba fadar sarki ce a cibiyar gari ba, kasuwa ce da gidan shawarar attajirai. Na Frankfurt sunansa Römer, tun 1405 majalisar garin take zama a ciki.

To, a nan ne Altstadt, wato tsohon gari, ta fara ba ni mamaki. Gidajen katako masu kaifin rufi da ke fuskantar Römer, waɗanda kowane baƙo ke ɗaukar hoto a gabansu, a shekarun 1980 aka gina su. Na asalin sun ƙone ƙurmus a watan Maris na 1944, lokacin da jiragen ƙawance suka yi wa garin ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu. Can bayansu kuma, tsakanin dandalin da babbar cocin, akwai unguwar da aka buɗe a 2018: gidaje 35, 15 daga cikinsu an kwaikwayi siffar waɗanda suka ƙone. Mutanen garin da kansu suna ce mata Neue Altstadt, sabon tsohon gari, ba tare da sun yi dariya ba. Fentin bai dushe ba, duwatsun ƙasa ba su lashe ba. Abin da yake tsoho na gaskiya a wurin sunayen lungunan ne. Na zauna na sha shayi a Hühnermarkt, kasuwar kaji, inda babu kaza ko ɗaya sai masu yawon buɗe ido, amma an mayar da dandalin daidai inda yake tun ɗaruruwan shekaru, da sunansa. Masu ginin da sunan suka fara, sannan suka ɗora bulo a kai.

Wani sunan kuma ba a gina komai a kansa ba. Judengasse, lungun Yahudawa, shi ne inda aka tilasta wa Yahudawan Frankfurt zama tun daga 1462 har zuwa 1796, siririn lungu mai ƙofofi da ake kullewa da dare da ranakun Lahadi. A cikinsa aka haifi Mayer Amschel Rothschild a 1744, kakan gidan nan na masu banki. Lungun ya ɓace daga taswira. Sai a 1987, ana haƙar harsashin wani ofishi, aka ci karo da tushen gidajen, aka yi ta rigima kan ko a binne ko a bari. Kaɗan aka bari, su ne yanzu a cikin gidan tarihi mai ɗauke da sunan lungun.

Jirgin da ke bin gaɓar kogin Rhein daga Mainz zuwa Koblenz ya fi mai saurin jinkiri, amma shi ya kamata baƙo ya hau, ya nemi kujerar taga ta hannun dama. Tsakanin Bingen da Koblenz, tafiyar kilomita 65 ko kusa da haka, kogin ya ratsa tsakanin duwatsu, gonakin inabi sun hau gangare har sama, kuma kusan kowace kwana akwai wani tsohon ginin dutse tsaye a kan tsauni. Shi ake kira Burg. Ba don ado aka gina su ba. Masu su kuɗin fito suke karɓa daga kowane jirgin fatake, har ma a Kaub an dasa guda a kan tsibiri a tsakiyar ruwa, Pfalzgrafenstein, don kada wani ya wuce bai biya ba. Kunnen baƙo yana rikita Burg da Berg, alhali wasali ɗayan nan ya raba su nesa: Berg dutse ne ko tsauni, Burg kuwa kagara ce. Heidelberg da Nürnberg na dutse ne, Hamburg da Augsburg da Magdeburg na kagara.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Burg a sunan gari aikin da "birni" ke yi a Birnin Kebbi da Birnin Kudu da Birnin Ƙonni yake yi: wuri ne da aka kewaye, wanda mutanen karkara ke gudowa cikinsa in an buga tambarin yaƙi. Kuma yadda Bakano ke cewa a sauke shi a Ƙofar Nassarawa ko Ƙofar Mata ko da badalar wurin ta zube, haka mutumin Hamburg ke sauka a Dammtor ko Berliner Tor, don Tor ƙofar gari ce, ko da ba sauran ƙofa a wurin.

Daga Burg aka samu Bürger, mutumin cikin ganuwa, kalmar da yau take nufin ɗan ƙasa. Magajin gari Bürgermeister ne, har gefen titi na masu tafiya a ƙasa Bürgersteig ake ce masa. A zamanin da, ba yawan jama'a ke mayar da ƙauye gari ba, takarda ce daga sarki ko wani basarake, Stadtrecht, wadda ke bai wa wuri izinin cin kasuwa da gina ganuwa da yin shari'ar kansa. A wurare da dama akwai al'adar cewa talakan da ke ɗaure da gonar ubangidansa, in ya gudo cikin gari ya yi shekara da kwana ɗaya ba a kamo shi ba, ya zama ɗa. Har yau wannan tsohon lissafi bai mutu ba. Arnis, can arewa, mutanenta ba su kai 300 ba, amma Stadt ce a hukumance. Masu ƙididdiga kuwa nasu ma'aunin daban: daga mutum 100,000 Großstadt ne, babban gari, kuma huɗu ne kawai suka haura miliyan, Berlin da Hamburg da München da Kolon.

Koblenz ba sunan Jamusanci ba ne ma. Romawa ne suka sa mata Confluentes, mahaɗar ruwa, don a nan kogin Mosel ke zuba cikin Rhein. Mainz da Bonn da Kolon duk sansanonin Romawa ne a gaɓar yamma, inda daularsu ta yi iyaka.

Bonn kuwa suna ne da kunnen Bahaushe ya saba da shi tun kafin ya san inda take a taswira, albarkacin Sashen Hausa na Deutsche Welle, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1963 daga Kolon, kafin gidan rediyon ya koma Bonn a 2003. Wanda ya taso yana jin sunan a rediyo zai zaci wata maraya ce. Gari ne madaidaici, mai natsuwa, da ƙafa za ka gama cibiyarsa kafin la'asar. Ita ce hedkwatar Jamus ta Yamma daga 1949, gwamnati kuma ba ta kwashe kayanta zuwa Berlin ba sai a 1999. Da aka karɓe mata Hauptstadt, babban birni, sai aka ƙirƙiro mata laƙabin Bundesstadt, garin tarayya, aka bar mata wasu ma'aikatu da ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya. Mai masaukina, wani dattijo da ya shekara da yawa a garin, ya kai ni Markt da safe. A gaban tsohon Rathaus, a kan matakalar da de Gaulle ya tsaya a 1962, Kennedy a 1963, Gorbachev a 1989, masu tumatir da lemo suna ta kiran ciniki. Ya ce, "Malam, ka ga gwamnati ta zo ta tafi, kasuwa ko gezau." Daga nan muka shiga Bonngasse, inda aka haifi Beethoven a 1770. Gasse lungu ne, Straße titi, Weg hanya, Allee titi mai itatuwa gefe da gefe, Platz dandali. Da waɗannan biyar an gama da mafi yawan allunan ƙasar.

Kolon, wadda allon tasha ke rubutawa Köln, ita ce ta saɓa wa ƙa'idar tasha a bayan gari. Kana fitowa daga ƙofar Hauptbahnhof, Dom ce tsaye a kanka, baƙa ƙirin, hasumiyoyinta biyu mita 157. An sa harsashinta a 1248, aikin ya tsaya ɗaruruwan shekaru, ba a kammala ba sai 1880. Ita kaɗai ce kusan abin da ido zai kama wanda ya ga garin kafin yaƙi. A daren 30 ga Mayu 1942 jiragen Birtaniya kimanin dubu suka auka wa Kolon, aka ci gaba da haka har ƙarshen yaƙin, lokacin da kusan kashi 90 cikin 100 na cibiyar garin ya zama ɓaraguzai. Aka sake gini cikin gaggawa, da siminti da gilashi, kuma gaskiya mafi yawan abin da aka gina ba ya ɗaukar ido.

Amma ka bar kallon bango ka karanta alluna, sai wani gari daban ya fito. Sunan kansa daga Colonia ne, matsayin da Romawa suka ba wurin a shekara ta 50 miladiyya. Hohe Straße, inda manyan kantuna suke, a kan babban titin Romawan take kwance. Heumarkt kasuwar ciyawa ce, Buttermarkt ta man shanu, Fischmarkt ta kifi, Salzgasse lungun gishiri, Unter Goldschmied layin maƙeran zinariya. Can kudu kaɗan akwai Waidmarkt, kasuwar wani ganye da ake rini da shi, sai Blaubach, shuɗin rafi, inda marina suke, sai Rothgerberbach, rafin majema. Rafin an binne shi a ƙarƙashin kwalta, motoci ne ke gudu a kai, amma jerin sunayen ya nuna maka yadda aka tura masu sana'ar wari da ruwan datti gefe guda, aka bar masu zinariya kusa da gidan shawara. Babban titin da ya yi wa cibiyar garin kambu, wanda ake kira Ring, bin sawun ganuwa yake yi. An fara rushe ta a 1881, aka bar 'yan ƙofofi irin su Hahnentor da Severinstor tsaye su kaɗai.

Akwai kuma wani rubutun da ba a sama yake ba, a ƙarƙashin ƙafa yake. Ƙananan faranti ne na tagulla, faɗin tafin hannu, an dasa su a daɓen ƙofar gidaje, kowanne da sunan wanda 'yan Nazi suka ɗauke daga wannan gida, da shekarar haihuwarsa da inda aka kai shi. Stolpersteine ake ce musu, duwatsun tuntuɓe. Wani mai fasaha, Gunter Demnig, ya faro aikin a Kolon a shekarun 1990, yanzu sun haura 100,000 a ƙasashen Turai. Da zarar idonka ya kama na farko, ba ka sake tafiya a titin Jamus kai a sama.

Mutanen Kolon ba sa ce wa unguwarsu Viertel kamar yadda littafi ya koyar, Veedel suke cewa, na Berlin kuma Kiez. Ɗan shagon kan kwana mai sayar da ruwa da jarida, a Frankfurt Wasserhäuschen ne, a Kolon Büdchen, a Berlin Späti. Baƙo zai gane darajarsa ran Lahadi, lokacin da doka ta rufe kantuna, ba inda za ka sami ko madara sai a tasha ko irin waɗannan. Maƙwabciyarsu Düsseldorf kuwa, 'yan Kolon ba sa gajiya da tuna mata cewa Dorf ƙauye ne. Hedkwatar jiha ce, mutanenta sun fi 600,000, amma sunanta ƙauyen bakin rafin Düssel. Abin dariyar shi ne yaƙi ɗaya ne ya ɗaga su duka biyun: a Worringen, a 1288, aka karya babban limamin cocin Kolon, 'yan garin suka sami cin gashin kansu, a shekarar kuma aka bai wa Düsseldorf takardar zama Stadt.

A Hamburg lambar mota ce ta fara yi mini magana. HH take farawa, Hansestadt Hamburg, kamar yadda ta Bremen ke farawa da HB, ta Lübeck da HL. Hanse ƙungiyar garuruwan fatake ce da ta riƙe cinikin tekunan arewa ɗaruruwan shekaru, ta watse tun ƙarni na 17, amma garuruwan sun ƙi sakin laƙabin. Hamburg ma jiha ce da kanta a cikin jihohi 16 na ƙasar, magajin garinta shi ne shugaban gwamnatin jihar. Rathaus ɗinta da aka gama a 1897 ɗakuna 647 gare shi, attajirai sun gina wa shawararsu abin da ya fi fadar sarakuna da yawa. Kalmomin nan na ruwa ne: Hafen tashar jiragen ruwa, Brücke gada, Fleet magudanar da jirage ke bi a tsakiyar gari, Deich madatsi. Speicherstadt, garin sito-sito, jerin manyan ɗakunan ajiya ne na jan bulo da aka fara ginawa a 1883 a kan turaku, inda aka riƙa tara kofi da shayi da kayan yaji da dardumar Farisa.

Ganuwar Hamburg ta zama lambu da tituna masu ƙarewa da Wall, amma har ƙarshen 1860 ana rufe ƙofofin garin da dare, wanda ya makara sai ya biya kafin a bar shi ya shiga. Gobarar watan Mayu 1842, wadda ta tashi daga Deichstraße ta ci kwanaki tana cin gari, inda ta tsaya an sa wa titin Brandsende, ƙarshen gobara. Reeperbahn filin masu tufkar igiyar jiragen ruwa ne, sana'ar da ke bukatar doguwar hanya miƙaƙƙiya. Große Freiheit, babban 'yanci, ta sami sunanta ne a farkon ƙarni na 17 don a nan aka yarda wa masu wata ɗarikar Kirista da masu sana'ar da ba sa cikin ƙungiya su zauna su yi harkarsu. Yau duka biyun gidajen rawa ne da mashaya, ba wurin da mai alwala zai daɗe ba ne, kuma na tabbata mafi yawan masu zuwa wani 'yancin daban suke fahimta.

A Steindamm, bayan tasha, bayan an idar da sallar Juma'a, na ji Hausa a bayana, irin ta Zango. Wani dattijo ne mutumin Kumasi, don Hamburg ce ta fi kowane gari a Jamus yawan 'yan Ghana. Muka gaisa, na gaya masa abin da nake bi ina karantawa. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, waɗannan ai kalmomin mai wucewa ne. Mazauni, kalmarsa ta farko Amt, ta biyu Termin." Amt ofishin hukuma ne, Termin kuma ranar da aka yanka maka ka zo. Ya lissafa mini su da yatsu: na rajistar mazauna, inda doka ta ce ka kai sunanka cikin mako biyu da tarewa a sabon gida, na haraji, na aure da haihuwa, na baƙi 'yan ƙasashen waje. Na ce, "Alhaji, Rathaus fa?" Ya ce shi dai wucewa yake ta gabansa. Gaskiyarsa. Garin da mai jaka a kafaɗa ke karantawa daban, wanda mai neman takardar zama ke karantawa daban.

Kafin in bar Hamburg na nemi Heinrich-Barth-Straße, a unguwar jami'a. Titi ne shiru na gidajen kwana. An haifi Barth a garin a 1821, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851 da sunan Abdul Karim, ya bi ta Katsina da Sakkwato da Gwandu har Tambutu. Da zai koma Turai a 1855 ya taho da samari biyu, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, ya taka Hamburg tare da shi, kuma labarin tafiyarsa da ya bayar da Hausa yana cikin Magana Hausa na J. F. Schön. Ashe an riga mu yi wa garin nan kallon baƙunta da Hausa, da fiye da shekara 160.

In ka doshi gabas, ƙarshen sunaye yana sauyawa. Su -heim da -hausen da -ingen na yamma da kudu suna raguwa, sai -ow da -itz da -in: Pankow, Treptow, Chemnitz, Schwerin. Waɗannan gadon Silabawa ne, dangin mutanen Poland da Cek, waɗanda suka zauna a gabashin kogunan Elbe da Saale kafin Jamusawa su mamaye. Leipzig daga sunan wata bishiya ce a harshensu, Berlin kuma masana sun fi karkata ga cewa daga kalmar fadama ce. Babban birnin Jamus ke nan, sunansa ba Jamusanci ba.

Berlin ita ce ta ƙi bin tsarin Markt ɗaya, Rathaus ɗaya. A 1920 aka haɗe ta da garuruwa bakwai da ƙauyuka 59 aka yi birni guda, kowanne ya shigo da gidan shawararsa da sunayen titunansa, shi ya sa akwai Rathaus Spandau da Rathaus Neukölln da Rathaus Schöneberg, kuma suna ɗaya yana iya zama a kan tituna da yawa, dole ka haɗa da lambar gidan waya. Hauptbahnhof ɗin da ake gani yanzu ma sai 2006 aka buɗe ta. Tsaunin Teufelsberg da ke yamma, mai tsayin kimanin mita 120, ba halittar Allah ba ne, ɓaraguzan birnin ne aka tara bayan 1945, ciyawa da itatuwa suka rufe.

A nan kuma na ga ɗaya fuskar al'amarin. A sauran garuruwan suna yana zaune, gini na zuwa yana tafiya. A Berlin sunan ma ba a bar shi ya huta ba, kowace gwamnati da guduma da sabon allo take zuwa. Große Frankfurter Straße ta zama Stalinallee a 1949, ta koma Karl-Marx-Allee a 1961. Kuma rigimar ba ta ƙare da faɗuwar katangar Berlin a 1989 ba. A Wedding, arewacin birnin, akwai Afrikanisches Viertel, unguwar Afirka: Togostraße, Kameruner Straße, Kongostraße, Sansibarstraße. Ba don ƙaunar Afirka aka sa yawancinsu ba, don alfahari da mulkin mallaka ne, a birnin da aka zauna daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885 aka tsara dokokin rabon nahiyar. Dandalin tsakiyar unguwar da sunansa Nachtigalplatz. Gustav Nachtigal shi ne wanda ya isa Kukawa a 1870 da kyaututtukan Sarkin Prussia ga Shehu Umar na Borno, shi ne kuma ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru a 1884. A watan Disamban 2022, bayan shekaru ana jayayya da ƙararraki daga mazauna unguwar da ba sa son sauya adireshi, dandalin ya koma Manga-Bell-Platz, don tunawa da Rudolf Duala Manga Bell, sarkin Duala da Jamusawa suka rataye ran 8 ga Agusta 1914, da mai ɗakinsa Emily.

Titin da ya ratsa dandalin labarinsa ya fi ban mamaki. 'Yan Nazi ne suka sa masa Petersallee a 1939, don girmama Carl Peters, wanda ya yi ƙaurin suna wajen rataye mutane a Gabashin Afirka. Da surutu ya yi yawa, a 1986 hukumar gundumar ta yi wata dabara: ta bar allon yadda yake, ta sanar cewa daga yau wani Peters ɗin ake nufi, Hans Peters, lauyan da ya yi adawa da Hitler. Masu fafutika ba su karɓi wannan ba. A watan Agustan 2024 aka raba titin biyu, sashe ɗaya ya zama Anna-Mungunda-Allee, da sunan wata 'yar Namibiya da aka harbe a zanga-zangar Windhoek ta 1959, ɗayan kuma Maji-Maji-Allee, da sunan yaƙin da mutanen Tanganyika suka yi da Jamusawa daga 1905 zuwa 1907.